Mataccen Mijina a Rundunar Jajaye

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako yau ba za ta biyo ni gida. To ga shi, a bar ni in sha iska. Ga waɗanda suka shigo yanzu: kakata Pola ce ke magana, yadda ta ba ni da bakinta. Muna ranar ƙarshe ta watan Agusta, 1920, a ƙauyenmu kusa da Komarof. Tun da safe mahayan Poland suka kara da na Jajayen Rasha, an mayar da siton hatsinmu asibiti.

*

Sai da rana ta take tsaka harbi ya lafa.

Kwana uku ana zabga ruwa, ranar ne gari ya washe. Ina durƙushe ina wanke wa wani soja ƙafa, Dakta Landau na ta sababi.

"Pola, ruwan zafi! Wannan tsumman da kika kawo min fa? Na goge tukunya ne ko na ɗaure mutum?"

"Zanin gadon aurena ne, Dakta. Shi kaɗai ya rage."

"To Allah Ya ji ƙan zanin gado. Yage shi."

Ina cikin yagewa sojoji biyu suka shigo, sun tasa wani mutum a gaba. Doguwar rigar Jajaye ce a jikinsa, ga hularsu mai tsini da jan tauraro. Gemu ya cinye masa fuska, hannunsa na hagu na ɗigar da jini.

"Dakta, ga baƙo mun kawo maka. Da ƙafarsa ya zo, ya yar da takobi, yana ta ihu da yarenmu."

"Ku ɗaure shi can jikin ginshiƙi. Sai na gama da namu."

Na ɗebo ruwa a kwano na je na durƙusa gabansa. Ban ko kalli fuskarsa ba, don ba na kallon fuskokinsu. Na yage hannun rigar, na fara wanke saran.

Ƙasa-ƙasa ya ce,

"Har yanzu kina cizon leɓe in kina aiki."

Kwanon ya suɓuce min.

Na ɗago. Ga tabon nan a girarsa ta dama, inda goɗiyar babansa ta harbe shi sati biyu kafin bikinmu.

"Yesu, Maryamu..."

"Ni ne, Pola."

"Kai ka mutu."

"Haka na ji."

"Florian, ka mutu! Akwai gicciye da sunanka a bayan coci. Kowace Lahadi sai na kai maka fure!"

"Wane iri?"

Ka ji fa. Shekara shida rabona da mutum, tun ranar da sojojin Sarkin Rasha suka kwashe mazan ƙauyenmu, abin da ya ga damar tambayata ke nan. Na ɗaga hannu zan mare shi, hannun ya ƙi, sai ga shi ya sauka a kan gemunsa. Gemun da ɗumi. Da ɗumi fa, irin na mai rai.

Ana haka na ji takun takalmi a bayana.

Yayana ne, Saje Kayetan, laka har ƙugu, ya zo duba yaransa da aka sara. Shi ne ya dawo gida shekara biyu da suka wuce, ya zaunar da ni a bakin murhu ya ce, "Ki yi haƙuri, Pola, da hannuna na binne shi."

"Yaya, dubi! Dubi wanda..."

Ban ƙarasa ba. Fuskar Yaya ta yi fari fat. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Kafin in ankara ya zaro ƙaramar bindigarsa.

"Matsa, Pola."

"Yaya, Florian ne!"

"Ɗan leƙen asiri ne. Matsa na ce!"

Na shiga tsakaninsu na buɗe hannuwa.

Florian ko gezau. Ya jingina kai da ginshiƙi ya ce,

"Sannu, suruki. Ka yi ƙiba."

"Rufe min baki!"

"Saurin me kake yi? Pola, tambaye shi saurin me yake yi."

Na juya na dubi Yaya.

"Ka ce da hannunka ka binne shi."

Ya kawar da kai.

"Yaya Kayetan, da kai nake. Wa ka binne?"



Florian ya ce, "Bari in taimake shi. A fadamar Stohod ne, shekara huɗu ke nan. An harbe ni a cinya. Mu biyu muka rage, doki ɗaya. Ya ce min, 'Zauna nan, bari in kawo maka doki da masu ɗauka.' Kwana biyu ina cikin ruwa ina sauraren takun dokin nan."

"Ƙarya kake masa!"

"To ya ce ƙarya ne."

Na ƙura wa Yaya ido. Mutumin da ya goya ni a bayansa ranar da mahaifiyarmu ta rasu. Na jira ya ce ƙarya ne, Allah Ya sani na jira.

Sai ya sauke bindigar.

"Na juya," ya ce. "Na rantse da Allah na juya, Pola. Na zo har bakin fadamar, sai aka fara ruwan harsashi. Na ji tsoro. Na kaɗa linzami na gudu. Da na dawo gida na gan ki a bakin ƙofa kina leƙen bayana, kina neman sa... me zan ce miki? In ce na bar shi da rai?"

"Sai ka sa na yi masa takaba."

"E."

"Ka tsaya kusa da ni a coci, kana riƙe da kyandir."

"E."

Na zauna daɓas a kan ciyawa. Dakta Landau ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Na juya kan Florian, don shi ma ban gama da shi ba.

"Kai kuma wannan hular fa? Dole aka yi maka?"

"A'a."

"Me ka ce?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Wasu manoman Rasha ne suka tsamo ni suka yi jinyata. Da Jajaye suka zo suka ce ƙasa ta mai nomanta ce, babu sauran wanda zai cire wa wani hula, na yarda da su. Da zuciya ɗaya na hau musu doki, shekara uku."

"Mu kuma muna nan muna ɓoye 'yan mata a ramin dankali saboda ku."

"Na sani. Na gani da idona. Shekaranjiya mun ƙone wani ƙauye bayan Zamosh, na ga wata mata a kwance bakin rijiya, ɗankwalinta irin naki. Na sauka na juya ta. Ba ke ba ce. Amma da na hau dokin nan na san na gama da su."

Ya yunƙura, igiya ta ja shi baya.

"Ku bar wannan, ba shi ya kawo ni ba. Kayetan, ina babbanku? Kun zaci kun gama? Waɗanda kuka kora da safe rabi ne!"

Ba a yi minti goma ba Kyaftin ya iso. Saurayi ne siriri, an naɗe masa kai da bandeji, yana cin gayan burodi.

"Ina jin ka, Ja. Yi sauri."

"Ranka ya daɗe, akwai runduna guda cur a bayan dajin can na yamma. Ba su yi faɗa yau ba, dawakansu sun huta. An rufe musu ko'ina, hanya ɗaya ta rage musu zuwa gabas, ta nan filin. Kafin rana ta faɗi za su fito."

"Su nawa?"

"Ban iya ƙirga su ba. Na tsaya a bakin gada suna wucewa, na sha taba uku ba su ƙare ba."

Kyaftin ya daina tauna.

"Ka san mu nawa muka rage a nan? In an haɗa da mai dafa abinci, ɗari biyu. Sauran sun yi gaba, mu ma an ce mu bi su. Yanzu so kake in tsayar da mutanena a fili a kan maganar mai jan tauraro a goshi?"

"In kuka juya baya, a baya za su same ku. Su gama da ku, su biyo ta ƙauyen nan."

"In kuma tarko ne fa?"

Sai Yaya Kayetan ya matso ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, na san shi. Mijin ƙanwata ne. Bai taɓa yi min ƙarya ba, ni ne na yi a kansa. In rana ta faɗi ba su fito ba, ka jingina mu da bango ɗaya."

Kyaftin ya dube shi, ya dubi Florian, ya dube ni. Ya miƙa min ragowar burodinsa.

"Riƙe min wannan, baiwar Allah. Saje, a ɗaure sirdi. A tura mutum ya sanar da Kanar, ya yi sukuwa ko da gudun zai kashe dokin."

Suka fice.

Daga nan sai jira. Na ɗaure wa Florian raunin hannunsa. Rana ta yi ta gangarawa. Wani soja da aka yanke wa yatsu ya ce, "Ja, in ka sa an hana mu tafiya a banza, ni zan fara cin kunnenka."

La'asar sakaliya sai ga Yaya ya dawo, riƙe da linzamin dawaki biyu. Ya zaro wuƙa ya nufi ginshiƙi. Na miƙe zumbur.

Igiyar ya yanke.

"Ga dokin da na ce zan kawo maka," ya ce, bai iya haɗa ido da shi ba. "Na makara."

Florian ya daɗe yana kallon dokin.

"Shekara huɗu, kuma gurgu ka samo min?"

"Lafiyarsa lau. Hau ko ka bari."

Florian ya cire hular nan ya jefa cikin bokitin jini. Ya tuɓe rigar Jajaye, ya ɗauki ta wani sojanmu da ya cika da rana.

Na riƙe masa riga.

"Yanzu ka dawo! Da hannu ɗaya za ka je?"

"Na dama ne mai aiki. Pola, ni na san yadda suke jeruwa, na san inda shugabansu ke tsayawa."

"In ka sake mutuwa ba zan kai maka fure ba!"

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, ya sumbaci goshina. Suka hau, suka tafi kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon wani.

Ban san lokacin da na haye tsani zuwa saman sito ba. Na tura ƙofar da muke jefo ciyawa, filin gaba ɗaya ya buɗe a gabana.

Da farko ba komai. Gonakin da aka girbe, gawarwakin dawakan safe, da daji can nesa, rana na sauka a bayansa jajawur.

Sai na ji katakon da nake durƙushe a kai yana rawa.

Ban ji ƙara ba tukuna, rawar kawai, tana shiga gwiwoyina. Tsuntsaye suka tashi daga dajin gaba ɗaya, suka rufe rana.

Sannan dajin ya fara tafiya.

Jikata, haka na gani, ba ni da wata kalmar. Bakin dajin ya ɓalle ya taho. Dawaki ne. Sahu bayan sahu bayan sahu, daga hanyar Zamosh har gindin tudu, ba ka ganin ƙarshensu. Jajayen tutoci, kekunan doki ɗauke da manyan bindigogi suna gudu a gefe. Suka zare takubba a lokaci guda, hasken rana ya bi ta kansu, kamar an kunna wa filin wuta daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ihunsu ya iso, wani irin gunji mai tsawo da ban taɓa zaton zai fito daga bakin 'yan Adam ba.

Na yi alamar gicciye, na manta yadda ake ƙarasa addu'ar.

"Pola!" Dakta ya ƙwala daga ƙasa. "Me kike gani?"

"Tashin duniya, Dakta."

"Namu fa?"

Na duba. Ga su can a gindin tudu, ɗan siririn layi ɗaya. Da na miƙa hannu sai tafina ya rufe su duka. Kowa da mashinsa a tsaye, 'yar tuta na kaɗawa a tsininsa. Ba wanda ya motsa. Na hango farin bandejin Kyaftin a gaba, yana tafiya da dokinsa a hankali, kamar mai zagayen gona.

Na ce a raina, ku gudu mana. Don Allah ku gudu.

Sai begila, ƙahon sojojinmu, ta yi kuka.

Siririyar murya, ita kaɗai a cikin wannan rugugin.

Suka fara takawa. Suka koma sassarfa. Tsinin mashi ya sauka gaba ɗaya, kamar hannu ɗaya ne ya kwantar da su. Begila ta sake kuka, suka saki linzami.

Mutum ɗari biyu, jikata. Suka nufi dubbai a sukwane, laka na tashi a bayansu, suna ihu kamar su ne masu yawan.

Tsigar jikina ta tashi. Hawaye na zuba, ban san ina kuka ba. A cikin layin nan akwai mijina da yayana, amma na rantse miki a wannan lokacin na manta da su. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro da kyau irin wannan ba, kuma ban sake gani ba har na tsufa.

Da suka haɗu, ƙarar ta zo min kamar an kayar da itatuwa ɗari a tare.

Layinmu ya shige cikinsu ya ɓace.

Ya ɓace ɗungum. Ba na ganin komai sai takubba na hawa suna sauka, dawaki na miƙewa a kan ƙafafun baya, wasu na gudu ba mahayi. Na ciji hannuna har jini.

"Pola, yi magana!"

"Sun haɗiye su, Dakta!"

Sai bindigoginmu manya suka buɗe wuta daga kan tudu. Ta hagu kuma wata begilar ta amsa. Saƙo ya isa! Waɗanda suka yi gaba sun juyo, ga su nan a guje, dawakansu sun yi fari da kumfa, suka faɗa wa Jajaye ta haƙarƙari.

A tsakiyar filin na ga babbar jar tuta ta karkata, ta miƙe, ta sake karkata.

Ta faɗi.

Abin da ya biyo baya har yau ban gane shi ba. Sahun gaba na Jajaye ya juya. Ya afka wa na bayansa, na baya ya afka wa na bayansa. Wannan taron da ya sa ƙasa rawa ya narke a gaban idona, ya koma daji a guje, kekunansu na kifewa, namu 'yan ƙalilan na bin su.

"Suna gudu!" na ƙwala. "Dakta, Jajaye suna gudu!"

Sito ya kaure. Masu karaya suna buga ƙasa da hannu, mai yankakkun yatsu yana kuka yana kiran sunan uwarsa. A ƙauye wani ya kama igiyar ƙararrawar coci yana ja kamar zai tsinka ta.

Na sauko, na fita bakin hanya na tsaya.

Suka fara dawowa ɗai-ɗai, rana ta kusa nutsewa. Wasu a kan doki, wasu a ƙasa suna jan dokin. Ina duba fuska bayan fuska. Kyaftin ya wuce, bandejinsa ya koma ja, ya ɗaga min hannu bai tsaya ba.

Sai ga keken doki, wani tsohon soja na ja.

"Ke ce ƙanwar Saje?"

"Ni ce."

"Zo ki kama min. Tare muka same su, gindin tutar nan, ɗaya a kan ɗaya. Da ƙyar muka raba hannuwansu."

Aka shimfiɗe su a kan ƙofofi biyu da muka cire muka mayar teburi. Florian harsashi ne a ƙirji. Yaya Kayetan an sare shi a ciki, yana dafe da wurin da hannu biyu. Dukansu idonsu biyu.

Dakta Landau ya duba wannan, ya duba wancan. Ya ɗaga 'yar kwalbar maganin barci ya kalle ta a hasken ƙofa. Abin da ya rage a ciki bai kai cokali biyu ba.

"Ku saurare ni," ya ce, a karo na farko ba da faɗa ba. "Hannuna biyu ne, maganin na mutum ɗaya ne. Wanda na fara da shi yana iya tashi. Na biyun ban yi alkawari ba."

Yaya ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna Florian.

"Shi."

"Kar ka saurare shi, Dakta," in ji Florian, jini na bin gefen bakinsa. "Ni na saba jira. Shi."

"Rufe min baki, Ja."

"Kai ka rufe naka."

Dakta ya wanke hannu a kwano, ya ɗauki wuƙarsa. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Pola, ba ni da lokaci. Mijinki ko yayanki?"